Kunnuwan Kerkeci Goma Sha Biyu

Ƙarfe ɗaya na dare a Busan
na jingine babur a gindin gadar Yeongdo,
akwatin bayansa na ta ƙamshin soyayyar kazar wasu.
Na hau bene, ɗakin kwamfutocin Madam Tak,
kujera ta ashirin da shida,
wadda fatar hannunta ta ɓare saboda gwiwar hannuna.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka ce mini:
dodo ya haɗiye rana,
kai kaɗai aka haifa da tauraro a tafin hannu.
Na yarda. Wa zai ƙi?
Mutumin da ya wuni ana kiran sa "mai kawo abinci"
a ba shi takobi da suna, ai ko a mafarki ya karɓa.

To amma maƙerin garin nan,
da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kansa,
bai taɓa jin labarin dodo ba.
Kunnuwan kerkeci yake so, goma sha biyu.
Na kashe tara, na samu kunne ɗaya.
Sauran da me suke ji?

Na kai masa. Ya ce madalla,
saura haƙora.

Mai gasa burodi ta ba ni wasiƙa in kai wa ƙaninta.
Ga shi can tsaye, taku takwas tsakaninsu,
ko tari ta yi zai waiwayo.
Ni da aka ce zan ƙwato rana
na karɓa, na taka, na miƙa, na dawo da amsa,
aka sallame ni da safa ƙafa ɗaya.

Ui-jin, na kujerar kusa, bakinsa cike da taliya,
ya ce, "Yi haƙuri, Gil-su,
sai a mataki na sittin labarin ke farawa."
Haka manajanmu ya faɗa shekara uku da suka wuce
ranar da ya ba ni hular kwano.

A daren ne na lura.
Ƙarar da wasan ke yi in an ba ka sabon aike
da ƙarar da wayata ke yi in oda ta shigo,
uwa ɗaya uba ɗaya.
Kibiya a taswira, agogo na gudu,
je ka, ɗauko, kawo, koma.
Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago,
har ina biyan won dubu da ɗari biyu duk awa
don a aike ni.

Ban yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.
Sha'awar ce ta tsiyaye a hankali
kamar iskar taya mai ƙaramar huda,
kana tafe, kana tafe, sai ka ji ƙarfe na gugar kwalta.

Na bar jarumina a bakin rafi,
jakarsa da haƙora goma sha ɗaya.
Ban cika ba. Da gangan.
Maƙeri ya jira.
Dodo ma, in akwai shi, ya riƙe ranarsa.

Madam Tak ta ce, "Saura minti arba'in a kuɗinka."
Na ce ta ba Ui-jin.

Waje ana yayyafi, teku na warin gishiri da man jirgi.
Waya ta yi ƙara: miyar kifi, kwano ɗaya,
gidan da ke can saman tudu, matakala ɗari da arba'in.
Na san gidan. Tsohuwa Ok-bun ce,
wadda ba ta barci tun da mijinta ya rasu,
takan tsaya a ƙofa da lemo a hannu
ta ce na rame.

Shi ma aike ne, ban musa ba.
Na goge sirdi da hannun riga,
na tayar da babur.