Ƙarfe Huɗu a Dilimi

Yau kwana arba'in da ɗaya
ban murɗe marfin kwalba ba.
Ba jarumta ba ce, lissafi ne.

Sista Ladi ta miƙo min ɗan littafi a asibiti,
ta ce, "Kar ka rubuta abin da ka sha,
rubuta abin da ya riga ƙishin zuwa."

Sai na shiga gadin kaina.
Ashe ɓarawon ba da dare yake zuwa ba,
ƙarfe huɗu yake sallama,
in hadari ya haɗo daga duwatsun Shere,
ciniki ya mutu, cikina wayam,
muryar Baba ta dawo kunnena:
"Kai dai ba za ka yi abin kai ba."

Da can, da kodin nake tarbarsa.
Yau na dube shi na ce, "Na gane ka.
Sunanka kunya, ƙanenka yunwa."
Na sayi soyayyen dankali wajen Talatu,
na kira Sabitu, muka yi ta hirar ƙwallo
har ruwa ya ɗauke.

Hannuna na rawa har yanzu,
amma ni ke riƙe da biron.
Gobe, in da rai, arba'in da biyu.