Baƙi Ɗaya

Ƙarfe biyar da rabi, Moston bai farka ba,
na ɗaga ƙyauren shago, yayyafi na bin wuyan rigata.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina auna kuka da daddawa,
ina sara naman rago wa masu kewar gida.

Makulli uku ne a ƙofar gaba.
Ta baya, sakata biyu da kwaɗo.
Kyamara na kallon titi, ba ta ƙiftawa.
Duk na tanada ne don ɓarawo mai ƙafa.

Wanda ya zo ba shi da ƙafa.

Ran Alhamis ya shigo ta waya, ina tsakiyar fasa ƙashi,
da irin gaisuwar Holdsworth,
mai kawo mini shinkafa da mai daga Rochdale,
har yana tambayar gwiwata mai ciwo.
"Mun sauya banki," in ji saƙon,
"tura kafin ƙarfe huɗu, motar gobe ta taso da kayanka."
Na goge hannu a rigar aiki, na danna.
Fam dubu huɗu da ɗari shida.
Ko ƙara ba su yi ba.
Da takardu ne, da na ji nauyinsu suna barin tafina.

Litinin Holdsworth ya kira, murya a sanyaye:
"Sallau, shiru, ban ga komai ba."

'Yata Suwaiba ce ta gano, jakar makaranta na kafaɗarta.
Ta buɗa sunan da yatsa biyu har ya cika fuskar waya.
Inda harafi ya kamata ya tsaya
lamba ɗaya ce tsaye, siririya, ta ari rigarsa.

Na zauna a kan buhun gari.
Ni fa!
Ni da na yi shekara tara a Malumfashi da alli a hannu
ina ce wa yara kafa daban, ƙafa daban,
kada ku raina lanƙwasa,
'yar wutsiyar nan ita ke raba baki da baƙi.
Ga shi baƙi ɗaya
ya kwashe gumin hunturu da bazara baki ɗaya.

Banki suka saurara, suka ce in jira.
Mako bakwai, rabi ya dawo.
Rabin ya bi ruwa.
Kunya ta fi asarar nauyi:
wata guda ban buɗe baki a masallaci ba,
sai ran da Kande mai ɗinki ta zo sayen yaji
ta ce ita hoton rasit aka nuna mata, wai an biya,
ta naɗe leshi shida ta miƙa da godiya.
Muka kalli juna ta saman sikeli.
Ashe shirunmu ne tuwonsu.

Yanzu akwai kwalin tumatir manne kusa da akwatin kuɗi,
rubutuna a sama, na Suwaiba a ƙasa.
Nawa ya ce: in saƙo ya ce maza, nemi kujera.
Nata ya fi tsawo: in an ce sabon asusu, Baba,
kira tsohuwar lamba, ta cikin baƙin littafi,
ba wadda suka ajiye maka a gindin saƙo ba,
kuma kada ka danna sai ido huɗu sun gani.

Duk ƙarshen wata nakan kira Rochdale.
"Ni ne, Sallau," yakan ce, yana dariya,
sai ya biyo da tarin nan nasa na tsohon mai sigari,
wanda har yau
ba ɓarawon da ya iya rubuta shi.