Idon Maigadi

A ɗakin gwajin ido, nan Kumasi,
sai mun kashe fitila muke gani.
Ɗigo guda ruwan ɗorawa a bakin fatar ido,
a bi shi da shuɗin haske,
duk inda ƙwayar ta ƙuje sai ya tashi kore shar,
ya tona asirin mai shi.

Shekara tara ina karatun wannan allo.
Ɗige-ɗige birjik kamar an watsa gero,
yaron mai walda ne daga Suwame,
ya kalli wuta ba tabarau.
Zane a tsaitsaye kamar tonon kaza,
na juya fatar idon Barikisu mai kitso,
ga guntun gashin roba ya laɓe,
kwana huɗu yana shara duk ƙiftawa.

Na Baba Isiyaka ne ya ɗaure min kai.
Kore kwance a ƙasa, dama da hagu,
irin layin da ambaliyar Aboabo
ke bari a bango in ta janye.
Tozali? Ya ce ba ya sawa.
Maganin da ake talla a mota? Ya yi tsaki.
Hayaƙi, barkono, sabulu,
na lissafa har yawuna ya kafe.

Jikarsa Adizatu, da ke wasa da maɓallin kujera,
ita ta ce: ai Kaka ba ya rufe ido duka.
Yana minshari yana kallonmu,
ko sukarinsa ba ma iya taɓawa.

Ashe shekara talatin da ɗaya
yana gadin shagunan kayan mota,
barci rabi, kunne a kan kwaɗo.
Ya ajiye sanda da tocila tun bara waccan,
idon bai ji an sallame shi ba.
Fanka na bi ta tsagar tana lasar hawaye
har asuba.

Na rubuta man shafawa,
na nuna wa yarinyar yadda za ta manne fatar da filasta,
a hankali, kamar mai rufe wasiƙa.

Ya juya filastar a tafin hannu, ya daɗe.
Ya ce: to, wa zai duba ƙofa?
Na ce: Baba, Allah na nan.
Ya miƙe yana laluben hularsa,
ya ce: ɗana, ɓarayin ma haka suke cewa.