Ta Riga Ni Isa

Bayan azahar kaɗan jirgin ya ɗaga da Barira.
Ina bakin shinge, hula a hannu,
ya koma kamar shirwa, ya koma kamar ƙuda,
sama ta haɗiye shi, ta bar ni da ƙara.

Yaron da ya yanka mata tikiti cewa ya yi:
"Baba, Kano zuwa Alƙahira
kilomita dubu uku ne da 'yan kai,
awa huɗu, in an yi nawa da rabi."
Na ce to. Me zan ce?
Ni da nake auna nisa da hakin shanun huɗa,
daga kukar Tasi'u zuwa bakin fadama.

A 'Yankaba na tarar saura mutum biyu mota ta cika.
Mutum biyun nan su suka cinye mana la'asar.
Kafin Gezawa taya ta sace.
Bayan Ringim inji ya kama tari,
direba ya ɗura masa ruwan leda, ya ja tsaki,
muka sauko da manyan rigunanmu muna tura.

A cinyata ƙunshin nan yake,
wanda sikelinsu ya ce ya yi yawa:
ƙuli-ƙuli, daddawa, garin kuka, yajin uwarta.
An auna 'yata da kayanta, an rage mata gida.

Muna Gujungu ladan ya ɗaga murya,
waya ta motsa a aljihun gaba.
Lamba doguwa, ban san ta ba.
"Baba, na sauka. Nan tuni sun yi magariba."
Na ce, "Wace sauka?"
Ta yi dariyar nan tata mai tafe da shaƙuwa.
Ta haye hamada, ta ga Nilu ta taga,
ni ko rabin wahalata ban ci ba.
"Kai fa, ka isa?"
Na dubi direba a ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje,
na ce, "Ina hanya."

Ruwan bana ya cinye mana kwalbati,
sai kwalekwalen Iliya, shi ma sai an yi ta kira.
Na haye da takalma a hamata,
kwaɗi na ta hayaniya, sauro na karɓar jangali.
Da na sa ƙafa a zaure
dare ya raba, karen maƙwabta ma ya gaji da haushi.

Kubura ba ta runtsa ba, fitila na hannunta.
Ta ga ƙunshin, ba ta tambaya ba,
ta karɓa, ta rataye shi a ƙusar da jakar makarantar take a da.
Can ta ce, "Da nisa?"
Na ce, "Awa huɗu."
Ta ce, "Ashe kusa ne."
Ta juya ga bango, tana lissafi da yatsu,
ba na awa ba:
damina shida, kafin a kira ta likita.