Kilo Bakwai

A Kutaisi, daren da zan tashi,
kakana Otar ya ture kwanon wake gefe,
ya share teburin da gefen hannu,
ya ce, "Tsiala, zube su mu gani."

Na zube: kyamara biyu, gilashi biyar,
da mai ƙafa ukun da na saya da bashi.
Ya ɗauko sikelin da kaka ke auna cuku.
Allura ta haura sha biyu tana rawa.
Jirgi kuwa bakwai ya yarje mini a hannu.

Shekara arba'in yana gyaran kyamarorin mutane
a shagon da bai fi shimfiɗar mutum biyu ba.
Bai taɓa tsallaka iyaka ba.
Amma duk wadda ta dawo masa a karye
sai ta gaya masa inda aka ji mata ciwo:
wannan yashi ta sha, wannan gishirin teku,
wannan kuma a ƙasan jirgi aka jefa ta
wani akwati ya zauna mata a ka.

Ya ɗaga dogon gilashin, wanda na fi so.
"Wannan na masu tsoron mutane ne.
Kina da ƙafa. Ki matsa kusa."
Ya mayar da shi kwali, ban ce uffan ba.

Biyun da suka rage ya cusa a safar ulu,
saƙar kaka, mai toka-toka, dunduniya a ɗinke.
Ya yanko baƙin salatif ya rufe sunan kamfani
har kyamarar ta koma kamar ta gwanjo.
Sabuwar jakata ya rataye a ƙusa,
ya ba ni tsohuwar da yake zuwa kasuwa da ita.
"Ɓarawo jaka yake karantawa kafin ya karanta fuska."

Batir a ƙirji, inda jini ke da ɗumi.
Kati ɗaya a ciki, ɗaya a takalmi.
Igiya ta ratsa kafaɗa, kada ta yi lilo a wuya.
Sannan ya kama hannuna:
"In kin fito daga sanyi kin shiga ɗaki mai wuta,
kada ki buɗe jakar.
Gilashi gumi yake yi, kamar doki.
Ki ba shi sa'a guda, ko me kika gani."

Sikeli ya ce shida da ɗari takwas.

Mako uku bayan nan, a bakin Uyuni,
inda gishiri ya shimfiɗu har ya haɗe da sama,
na shiga madafar Fermina yatsuna a sandare.
Tana tsaye kan tukunya,
hasken taga ya tsaga tururi biyu,
ya sauka a kan kitsonta da bakin hularta.
Irin hoton da mutum ke ƙetare teku dominsa.
Hannuna ya kai kan zif.
Ya tsaya.

Na zauna, jaka a cinya, kamar mai jiran likita.
Ta miƙo mini miya mai dankali da ban san sunansa ba.
Da guntun yarenta da guntun hannuna
na ji ɗanta na ɗinki a wani birni mai nisa,
shekara huɗu, murya kawai ke zuwa.
Kafin sa'a ta cika haske ya bar tagar.

Na buɗe. Gilashi garau, ba ko raɓa.
Ba kuma abin ɗauka sai bango da cokali.

Da dare na kira Kutaisi, can asuba ce.
Bai tambaye ni hoto ba.
Tari ya yi, ya ce, "Safar fa, a bushe take?"
Na ce a bushe take.
Ya ce, "To, kwanta."