Gajeren Zango

A Fagge, bayan layin maɗinka,
akwai shago mai warin dalma da ƙonanniyar waya.
Nan Baba Cindo ke farke cikin rediyo kamar mahauci,
sai dai shi mayar da rai yake yi.
Ni ne yaron riƙe fitila.
Ladana kwabo, wata rana ƙosai biyu.

In an sallame isha'i sai ya ja eriya,
ya murza allura a hankali, kamar mai lallashin jinjiri.
Ga Masko, da Hausarta mai sanyi-sanyi:
lebura ne sarki, gona ta kowa ce.
Ya ƙara murzawa faɗin ƙwayar gero,
ga Amurka: kasuwa ce 'yanci, kowa ya ci guminsa.
Tsakaninsu ba komai sai shuuu.
Baba ya ce, "Yaro, ka ji wannan shuuu ɗin?
A cikinsa muke zaune."

Kawu Mudi da Kawu Ilu nono ɗaya suka sha.
Mudi ɗan reluwe ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago,
yana ɓoye jajayen ƙasidu a cikin katifa,
yana jifan kowa da "ɗan jari-hujja", har mai shayi.
Ilu kuwa gadi yake a bayan gari,
inda baƙi suka kafa ƙarafa masu kallon sama
suna sauraren mutumin da aka harba ya zaga duniya.
Can ya koyo taunar cingam,
ya koyo cewa gurguzu ciwo ne mai yaɗuwa.
Benci ɗaya, kwano ɗaya,
gardama har miya ta huce.

Sai daren da aka ce jiragen ruwa sun tsaya ido da ido
kusa da wani tsibiri mai rake.
Shago ya cika har bakin kwata.
Wani marini daga Ƙofar Mata, hannunsa shuɗi har gwiwa,
ya tambaya, "Wai shi bam ɗin, ya kai girman tukunyar baba?"
Ilu ya ce, "Daga Dala zuwa Goron Dutse
toka, kafin ka ƙifta."
Mudi bai musa ba.
Ranar kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya,
kuma ban ji daɗin ganin ba.

Goggo Delu ta aiko daga cikin gida:
in duniya gobe za ta tashi,
ta jiƙa wake, ko ta bari?
Ba wanda ya yi dariya.
Baba Cindo ya dubi allura, ya dubi ɗan aike,
ya ce, "Ka ce ta jiƙa."

Da asuba ladan ya kira, mai ya yi zafi a kasko,
muka ci ƙosai da yaji.
Ba wanda ya tambaye mu kafin a ɗana kunamar,
ba wanda ya gaya mana sa'ad da aka sauke yatsa.

Daga baya Mudi ya je ƙasar ƙanƙara koyon narka ƙarfe,
ya dawo da hular gashi marar rana a Kano.
Baƙin Ilu suka kwance ƙarafansu, ko sallama babu.
Ran da aka ce wata katanga ta faɗi a Turai
su biyun suna layin fansho, rana na dukansu,
Mudi na riƙe wa Ilu sanda.

Yau shagon caja ake sayarwa da murfin waya.
Asu ya cinye hular.
An ce makaman suna nan a ramukansu,
barci suke, ba mutuwa ba.
Rediyon Baba na wurina, allurar ta ɗan karkace.
Wani dare nakan kunna ta, ba don labari ba,
in ajiye ta tsakanin tasha da tasha,
in ji ko har yanzu muna ciki.