Littafin Metir Nomau

Da aka raba gadon Metir Nomau,
'ya'ya suka ɗauki gidan Zariya da gonar gyaɗa.
Ni, akawunsa na shekara talatin,
littafi guda aka miƙo mini,
bango ya cire, gara ta ɗanɗani gefensa.

Labarin wani lauya ne na Amirka,
tun ƙasar tana rarrafe.
Sunansa ya tafi tare da bangon.
Ɗan manomi, in ji shafi na tara,
ya yi karatu a gindin kyandir,
yana hawan doki daga kotu zuwa kotu,
takardu a jakar sirdi, ruwa na dukansu tare.
Ya shiga majalisa, ya faɗi, ya sake shiga,
ya sa hannu kan cewa mutum duk mutum ne,
alhali a bayan gidansa
akwai mutanen da ya saya da kuɗinsa.

A nan Metir ya ja layi da jan biro.
Ya rubuta: "To, kai fa?"

Na san abin da ya tuna.
Ni na buga takardar masu lambun bakin Gulbi
ranar da wani attajiri ya kafa musu turke a fadama.
Metir ya tsaya musu kyauta,
ya yi magana har alƙali ya cire tabarau.
Su suka ɗauke shi a kafaɗa,
su suka kai shi Yamai da ƙuri'unsu.
Shekara huɗu, jam'iyya ta ce a ɗaga hannu.
Ya ɗaga.
Fadamar ta koma hannun mai turke.

Da ya dawo Maraɗi ya ce in raka shi.
Muka tsaya kan gangare, injin Fijo na kaɗawa,
ya kalli wayar da aka zagaye albasa da ita,
bai buɗe ƙofa ba.

Shafin ƙarshe ya ce na Amirka ya samu gunki
da gari mai sunansa.
Namu ya samu ofis mai ɗaki ɗaya,
fanka mai ciwon wuya,
da shari'ar talakawa har ƙarfinsa ya ƙare.

Sai Cima, 'yar mai lambu,
da ke aje masa kwandon tumatir duk kaka,
ba sallama, ba jiran godiya.
Ya mutu bai tambaye ta ba
ko yafiya ce, ko tuni.

Jiya ta kawo. Ni na karɓa.